Akushin Iya da ɗan abin da ya rage na ɗakinta

Jiya da la'asar ina gyaran ɗaki na sauko da akushin Iya daga saman kwaba, na ɗan ɗiga man gyaɗa a tsumma ina goge shi, sai ƙaramar 'yata ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, can tace Umma wai me yasa kike shafa wa wannan baƙin kwanon mai kamar wani jariri, ba a cin tuwo a ciki kuma kin hana kowa ya taɓa. Wallahi sai na rasa ta inda zan fara mata, don maganar ba ta tsaye bace. Da daddare bayan sun yi barci na kasa runtsawa, shine nace bari dai in zauna in rubuta, ko akwai masu irin wannan kayan a gidajensu da har yanzu basu rabu da su ba.

Iya kakata ce ta wajen uba, a hannunta na tashi tun daga yaye, nan ƙauyenmu a ƙasar Garko, ba nisa da Wudil. Shekara shida kenan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta ya kai haske kabarinta. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa ya san yadda ɗakin tsohuwa yake, soro ne mai azara, da sanyinsa ko a tsakiyar bazara, ƙamshin turaren wuta da na daddawa sun kama bango har sun zama abu ɗaya. Daga hannun dama jere ne tun daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi, manyan ƙore a ƙasa, masaki na farko sannan mai bi masa, a kansu tasoshin tagulla, can sama kuma kwalla da fanteka masu furanni waɗanda suka zo daga baya. A bango an maƙala faya-fayai kala-kala. Ƙarƙashin gado adudu biyu, ɗaya na zannuwanta, ɗaya na kayan kaɗi, mazari da taskira da alli da guntuwar abdugar da bata ƙarasa ba. A cikin wannan na girma, kullum idona a kai, amma ban taɓa tsayawa na duba ko guda ɗaya da kyau ba.

Bayan addu'ar arba'in aka zo rabon kaya. Matan gida kowa ta ɗauki abin da zai mata amfani, kwalla, tukwanen silba, katifa, atamfofi. Tasoshin nan kuwa babu mai so, wai nauyi, wai sai an yi ta dirza da toka da tsamiya kafin su yi haske. Ana cikin haka 'yan gwangwan suka shigo gari da baro da sikelinsu na rataye, sai aka kira su. Ina zaune a kan tabarma aka zuba tasoshi goma sha ɗaya a buhu aka rataya, aka faɗi kilo, aka biya, kuɗin ko na buhun masara ɗaya basu kai ba. Babbar ta ƙi shiga buhun sai yaron ya ɗaga guduma ya maƙe ta sau biyu ta lotse. Wannan babbar ita ce Iya take cewa ta mahaifiyarta ce, daga ƙasar Nufe aka kawo ta, aikin mutanen Bida, jikinta duk zane ne da aka fitar da bugun guduma ɗaya bayan ɗaya, ganye-ganye suna zagaye suna komawa inda suka faro. Ƙarar gudumar nan har yau tana kunnena, kuma ban ce uffan ba. Ba na zargin kowa, baffannina ba mugunta suka yi ba, yaron ma sana'arsa yake yi, ni da nake da ɗan karatun boko ma ban san abin da ake asara ba a lokacin. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami.

Abin da ya zo hannuna shine wanda aka ƙi, akushi ɗaya don ya tsage, ƙwarya ɗaya mai ɗinki, zanen saƙi da ya koɗe, allon zayyanar kakana da gafakarsa, sai wata 'yar batta da Goggo ta miƙo min a ɓoye tace riƙe wannan ke ce 'yar ɗakinta. Na ɗauke su don tunawa da ita kawai.

Sai bayan shekara biyu idona ya buɗe, ranar da muka kai 'yan aji shida na makarantarmu ziyara Gidan Makama a birni. Gidan nan tun ƙarni na 15 aka gina shi, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Yara suna can suna kallon tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa da kayan yaƙi, ni kuwa na maƙale wajen kayan gida, don abin da na gani a ajiye ana lallaɓawa, ana hana yara taɓawa, irinsa ne aka maƙe da guduma a tsakar gidanmu. Jikina yayi sanyi. A mota har muka wuce gadar Wudil ban yi magana da kowa ba. Ina isa gida ko mayafi ban cire ba na sauko da akushin na fita dashi haske.

Itace ɗaya ne aka sassaƙa, babu haɗi ko ɗaya. In ka shafa cikinsa da tafin hannu zaka ji santsi kamar gilashi, amma in ka karkata shi wajen rana sai kaga sawun gizago a jere, ƙanana ƙanana kamar ɓawon kifi, kowane sara daidai da ɗan'uwansa, ka san hannun da yayi wannan ya daɗe yana yi. Baƙin jikinsa ba fenti bane, ƙuna ce da mai da shekaru. A bakinsa ta waje akwai layi uku da aka zagaya da wuƙa, a tsakaninsu 'yan ƙananan zane masu kusurwa uku, na zauna na ƙirga su arba'in da shida, kuma biyun ƙarshe sun fi sauran ƙanƙanta, don da masassaƙin ya zagayo sai ya tarar wurin da ya rage masa bai kai ba, sai ya matse su suka shiga. Wannan biyun su na fi so a duk jikin akushin. A nan nake ganin mutumin, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, amma ina ganinsa zaune a gindin bishiya ba ma'auni ba komai sai ido, ya ga lissafi zai ƙwace masa ya yi dabara. Kwanon roba da inji ya buga dubu a rana ba zaka taɓa samun haka a jikinsa ba. Ta ciki kuma gefe ɗaya ya fi zurfi kaɗan, wajen da hannun kakana yake sauka shekara da shekaru, don a ciki ake zuba masa tuwon dare a rufe da faifai, ko ya daɗe a masallaci zai dawo ya tarar da ɗuminsa, itace ba ya sakin zafi da wuri kamar kwano. Tsagar da ta sa aka ƙi shi kuwa an taɓa kai wa maƙeri ya ɗaure ta da 'yan ƙarafa uku, ya lanƙwasa bakinsu ta ciki yadda ba zasu yanki yatsa ba. Hausawa suna cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, sai da na ɗaga shi da hannu ɗaya naji nauyinsa na gane inda maganar ta fito.

Abin da na lura dashi tun daga ranar shine mu mutanenmu ba a bango suka rataye gwanintarsu ba, a cikin abin amfani suka zuba ta, abin cin tuwo, abin shan fura, abin ɗaurawa, abin zama. Shi yasa muka raina ta. Da a ce zane ne a cikin gilashi da an ce kayan tarihi ne, amma da yake kullum ana wanke shi a bakin rijiya sai ya zama tsohon kwano kawai, da roba ta zo mai arha mara nauyi sai aka ture shi gefe ba tare da kowa yaji an yi rashi ba.

Ita ƙwaryar kuma labarinta daban. Duma ne aka shuka ya hau danga, ya ƙosa ya bushe, aka fafe shi aka kankare, sannan mai zane ya zauna. Akwai masu sassaƙa bayan da wuƙa su fitar da fari, akwai masu ƙonawa da ƙarfe mai zafi zanen ya fito baƙi, ta Iya ta ƙuna ce, layuka ne suka sarƙe da juna irin dagi, sun bar fili huɗu a tsakani. Ta taɓa fashewa tun kafin a haife ni aka kai wa gyartai ya ɗinke. Bara ɗinkin ya fara saki, na yi ta cigiya a garinmu babu gyartai ko ɗaya, wanda muka sani yana zagayawa muna yara ya rasu 'ya'yansa sun koma acaba da aikin gini. Sai a kasuwar Wudil ranar Juma'a na samu wani dattijo can wajen masu ƙore da ludaya. Ya karɓa ya juya ta ya juya, ya kai kusa da idonsa yace Malama wannan ai ta girme ki nesa ba kusa ba. Nace haka ne Baba, ta kakata ce. Yace wanda ya mata ɗinkin farko gwani ne, dubi yadda ya jera hudar, ko ruwa aka zuba ba zai ɗiga ba. Bai yarda ya yi sabuwar huda ba, cikin tsofaffin ramukan ya bi da basillarsa a hankali, kusan awa guda yana abu ɗaya, ni ina tsugune ina kallo rana tana dukana ban ma ji ba. Da ya gama na tambaye shi nawa, kuɗin da ya faɗa ko na katin waya na kwana ɗaya bai kai ba, naji kunya ta kama ni, na ninka masa ya yi ta sa min albarka kamar wata kyauta na masa, alhali haƙƙinsa ma ban cika ba.

Zanen saƙin ne ya fi ba ni aiki kafin in fahimce shi. Da farko ni dai tsohon baƙin zane nake gani. Goggo ce ta shimfiɗa shi a kan igiya ta nuna min, tace duba nan, ba faɗi ɗaya bane, saƙa ce siririya kamar faɗin yatsu huɗu aka jera aka ɗinke da allura, kuma in kin ɗaga shi a rana zaki ga zaren wani wuri kauri wani wuri siriri, wannan shine shaidar kaɗin hannu. Iya da kanta ta gurje abdugar ta shiɓe ta kaɗa, arafiya daban abawa daban, aka kai wani zaren marina aka bar wani fari, masaƙi ya haɗa su suka ba da wannan ɗigo-ɗigon kamar jikin zabo. Rinin kuma na baba ne, ganyen baba da toka ake zubawa a rijiyar rini a bar su kwanaki su ruɓa, in an tsoma zare aka ɗago sai ya fito kore-kore, iska ce take mayar dashi shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa a sake ɗagowa har sai ya kai duhun da ake so. Ko dagwalon da ya kwanta a ƙasan rijiyar ba a zubarwa, shi ake ƙonawa ya zama katsi, a yi laso a shafe soro dashi ruwa ba ya ratsawa. Wannan sana'ar ita ta ɗaga ƙasar Kano. Marinar Ƙofar Mata a ƙofarta an rubuta 1498, garin Kura kuma har yau in aka ce ɗan Kura ko turkuɗi an san baƙin yadi ne mai ƙyalli wanda mabuga suka daka da shuni, shi Buzaye suke naɗawa har ya rina musu fata. Wani Bajamushe matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kuma ba a birni kaɗai ake aikin ba, ƙauyuka ne irin namu suke kaɗi da saƙa, kusan duk tsohon gari in ka tambaya za a nuna maka inda karofi yake da, namu yanzu bola ce ake zubarwa a wurin, ramukan sun cike.

Zanen Iya har yanzu in na sa hanci ina jin ɗan warin baba can ƙasa-ƙasa. Na daina wanke shi, ina naɗe shi a farin ƙyalle da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, in damina ta wuce in fito dashi ya sha iska a inuwa. Kar a sa irin wannan a leda, gumi yake yi ya ruɓe, kuma kar a ajiye akushi ko allo a ƙasa jikin bango, gara ba ta da tausayi, dare ɗaya ta isa.

Battar da Goggo ta ba ni kuwa liyari ne a ciki guda ɗaya, an masa kunne an zura zare, da 'yan anini biyu masu huda a tsakiya. Liyarin gefe ɗaya hoton wata mata mai jiki, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu, ga 1780 a rubuce ɓaro-ɓaro. Goggo ta riƙe cewa ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, ni ma haka na ɗauka, sai da na bincika na gane ba lallai bane. Matar Mariya Teresa ce sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, to da yake fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Hausa sun saba da kuɗin basa karɓar wanda aka canza wa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a sauyawa, har cikin ƙarni na 20 ana bugawa a birane daban-daban, duk 1780. Nauyinsa wajen giram 28 ne kuma mafi yawansa azurfa ce, shi yasa maƙeran fari suke narka shi su yi zobe da munduwa, mata kuma su rataya a wuya. Na kawo wannan ne don masu cewa suna da abin da zai sa su kuɗance dare ɗaya, shekarar da ke jikin abu ba ita ce shekarunsa ba koyaushe, kuma ba duk tsohon abu ne mai tsada ba. Ni darajar wannan liyarin a wurina ita ce a wuyan Iya aka kai ta ɗakin miji dashi, hancin sarauniyar ma ya shafe saboda gogar fata. Wata ta ce min in kai a wanke min shi yayi fari tas, nace a'a.

Akwai kuma wasu masu zagaya ƙauyuka, ba 'yan gwangwan ba, su sun san abin da suke nema. Zasu yi sallama su ce ko akwai tsohon takobi, ko tsakiya da murjani, ko tsohuwar riga aska takwas ta tsamiya, ko littafin da aka rubuta da hannu. Ɗaya ya taɓa zuwa har ƙofar gidanmu an gaya masa ina da allon zayyana, maigidana ya fita ya same shi. Kuɗin da ya saka ba kaɗan bane a wurinmu gaskiya, a lokacin ma muna neman na taki. Na leƙa allon na dube shi, ja da rawaya da baƙi, zanen an raba shi gida-gida kamar darduma, kowane gida da nasa dagin, tawadar gawayi da ƙaro ce amma ko dusashewa bata yi ba, wannan aka yi wa kakana ranar da ya sauke Alƙur'ani ya zagaya dangi dashi. Na aika a ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ba na ganin laifin wanda talauci ya sa ya sayar, yunwa ba ƙanwar uwar kowa bace, amma ya kamata a sani akwai doka tun 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da take kira kayan tarihi. Kayan Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897 sai da aka yi shekara da shekaru ana roƙo, a ƙarshen 2022 ne Jamus ta dawo da wasu. Nasu da bindiga aka ɗauka, namu kuwa da hannunmu muke miƙawa a zaure a kan kuɗin cefane, kuma babu wanda zai je ya roƙo mana su don babu ma wanda ya rubuta cewa sun taɓa wanzuwa. Wanda yake da tsofaffin takardun malamai ya ga ba zai iya kula da su ba gara ya nemi Arewa House a Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa a Kano ya yi shawara da su. In ma ba za a yi komai ba, a ɗauki hoto da waya, a zaunar da tsohuwar da ta rage a gida a naɗi muryarta tana faɗin wa ya yi, wa ya saya, a bikin wa aka kawo. Ni da na yi wa Iya haka da yanzu na san sunan mai akushin nan.

Son zane a ƙasar nan ba yau aka fara ba. A Birnin Kudu nan kusa da mu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a jikin duwatsun akwai hotunan shanu waɗanda mutanen da can suka zana tun ba a san da mu ba, har gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma mutane nawa ne a cikinmu suke wucewa ta titin nan basu taɓa tsayawa ba. Sannan ku ɗauko naira ashirin ku juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, da hannu ta koyi gini a ƙauye kamar yadda matan maginan garinmu suke yi, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin randa. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, aikinta ya je har Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Kullum tana cikin jakarmu muna ba yara ita su sayo alawa. Bambancinta da tsohuwar da nake sayen tulu a wurinta shine ita an samu waɗanda suka tsaya suka duba aikinta.

A nan ne nake ganin laifinmu ya fi yawa, mu masu ɗan albashi. Zamu shiga kanti a birni mu sayi furen roba da agogon bango na China a yadda aka rubuta ba ragi ko sisi, amma in yarinya ta kawo faifai da uwarta ta kwana huɗu tana saƙawa, ta rina kabar da kanta ja da kore, sai mu tsaya muna taya rabin kuɗi, har mu ce ai na roba ya fi arha. Baduku ya jeme fata da bagaruwa ya rina da karan dafi ya yi maka zabira da ɗinkin da zai shekara ashirin, ka ce yayi tsada. To ɗansa yana tsaye yana ji, don me zai gaji sana'ar. Ni dai na ɗaukar wa kaina tun ranar gyartan nan, abin hannu in an faɗi kuɗi naga ina da shi ba na tayawa, in ba ni da shi in ce Allah ya kawo kasuwa in wuce. Kuma ina tambayar sunan mai aikin in rubuta a ɗan littafi da ranar da na saya, yanzu ina da faifai bakwai kowanne na san hannun da ya fito, har na fara gane na wata baiwar Allah daga unguwar gabas ko ba a faɗa min ba, ita tsakiyar nata kullum tauraro ne mai ƙafa shida kuma bakin a matse yake kamar an ɗinke da keke.

Maganar 'yata kuwa na kwana ina juya ta, don ta faɗi gaskiya ta wani gefen, Iya bata taɓa ajiye akushin nan a saman kwaba ba, ci ake yi a ciki. Shi wannan ya tsufa, tsagar ba zata ɗauki zafin tuwo ba kuma, amma da safe na kira ta na zaunar da ita na sa yatsanta a kan zanen muka ƙirga tare har ta gano ƙananan biyun da kanta, ta yi ta dariya tace wuri ne ya ƙare masa. Na gaya mata akwai wani masassaƙi da aka min kwatancensa a wani ƙauye gaba da mu, turmi da taɓarya da kujerar tsugunno yake yi yanzu don su ake saye, amma an ce ya iya akushi, ubansa ma shi yake yi. Babansu ya je ya same shi tun makon jiya, yace shekara tara rabon da wani ya tambaye shi, sai ya nemo itacen da ya dace, a ba shi sati uku. Mun ba da rabin kuɗi. Ta tambaye ni ko ita za a bari ta ci a ciki, nace tuwon dawa da miyar kuka zan tuƙa ranar da aka kawo shi, ita da yayyenta su zauna a tabarma su ci, ta ce to a gaya masa ya yi mata zane a bakin irin na Iya.